Kociyoyi 13, kofi biyu, da bakin 'yan Arsenal

Tun ranar 4 ga Satumba, 2025 da sanarwa ta fito cewa Daniel Levy ya sauka daga kujerar shugabancin Tottenham, rukuninmu na WhatsApp bai huta ba. Mu 'yan Tottenham da ke ciki ba mu wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, sauran duk 'yan Arsenal ne da Chelsea da United, amma mu ƙalilan ɗin nan mun fi kowa rabuwar kai. Ɗaya ya ce labarin ya fi masa daren Bilbao da muka ci kofin Europa daɗi. Ɗayan ya ce mu jira, za mu nemi mutumin nan da fitila. Muna cikin wannan sai yayana, wanda ke bin Arsenal tun zuwan Wenger, ya jefo nasa: "Ƙanina, barka zan yi maka ko jaje? Mu dai mun yi rashi, shekara 24 bawan Allahn nan yana yi mana aiki ba albashi."

Na yi dariya, don maganar ta yi gishiri. Amma ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da saƙon murya na minti biyu ba zai ɗauka ba.

Zan fara da ba Levy haƙƙinsa, kada wani ya ce ƙiyayya ce ta rufe mini ido. A 2001 da kamfanin ENIC ya karɓi ragama daga hannun Alan Sugar, Tottenham ƙungiyar tsakiyar teburi ce, mai tarihi amma ba ta ba kowa tsoro. A shekarar ce ma kyaftin ɗinmu Sol Campbell ya tattara ya koma Arsenal ba a biya mu ko fam ɗaya ba. White Hart Lane na ɗaukar mutum dubu 36 da 'yan kai. Yau filin da Levy ya bari yana ɗaukar sama da dubu 62, ya ci kusan fam biliyan ɗaya, ana dambe a cikinsa, ana ƙwallon Amurka, manyan mawaƙa na cika shi, kuɗi na shigowa ko ba wasa. Filin atisayen da aka buɗe a 2012 babu ƙungiyar da za ta raina shi. A ciniki kuwa, duk wanda ya zauna teburi ɗaya da Levy sai ya yi gumi. United ta ɗanɗana a kan Berbatov, Real Madrid ta ɗanɗana sau biyu, a kan Modric da kuma Bale da ta saya kimanin fam miliyan 85 a 2013. Bayern Munich ma sai da ta yi ta kai-komo kafin ta samu Kane. Wanda ya ce Levy bai yi komai ba bai san inda aka baro ba.

To ina gizo ke saƙar? A wurin kociyoyi.

Ku ƙirga tare da ni, ban da na riƙon ƙwarya: Hoddle, Santini, Jol, Ramos, Redknapp, Villas-Boas, Sherwood, Pochettino, Mourinho, Nuno, Conte, Postecoglou, Frank. Mutum 13. Kofi biyu: na League Cup a 2008, da na Europa a 2025. Mafi yawan masu zagin Levy a nan suke tsayawa, su ce ya cika kora. Ni ban yarda yawan kora ne ciwon ba. Ɗan Chelsea na rukuninmu ya fi kowa sanin haka. Abramovich ya yi shekara 19 yana canza koci kamar riga, Di Matteo ya ɗauko masa Kofin Zakarun Turai a 2012 ya kore shi bayan wata shida, amma a zamaninsa sun ci Firimiya biyar da Kofin Zakarun Turai biyu. A can kowa ya san abin da ake so: kofi yanzu, ga kuɗi, ga 'yan wasa, in ka kasa ga ƙofa. Rashin imani ne, amma ba ruɗu a ciki.

A wurinmu kuwa, har mutumin ya sauka ban iya gane irin ƙungiyar da yake so ba. Kowane koci ya kawo, kishiyar wanda ya kora ne. Kamar mai jinyar da kullum likita na biyu aikinsa warware maganin na farko.

Jol mutum ne mai faran-faran, magoya baya na ƙaunarsa, ya kai mu na biyar sau biyu a jere. Aka je Sifaniya ana zawarcin Ramos a bayan idonsa, sannan a Oktoban 2007 labarin korarsa ya bazu cikin fili ana tsakar wasa da Getafe, 'yan kallo na rera sunansa suna yi masa bankwana yana tsaye a bakin layi. Wannan wulaƙanci har yau ban manta ba. Ramos ya zo da tsauri da ƙa'idar cin abinci, ya doke Chelsea 2-1 a wasan ƙarshe na League Cup da kan Woodgate, sai kaka ta gaba ya tashi da maki 2 a wasa 8. Aka kawo Redknapp, mai dafa kafaɗar ɗan wasa ya ce je ka yi abinka. Ya kai mu na huɗu a 2010, muka ga Bale yana wasa da 'yan bayan Inter Milan, ya sake kai mu na huɗu a 2012 sai Chelsea ta ci kofin Turai ta ƙwace mana gurbi. Aka sallame shi, aka kawo Villas-Boas, matashi mai allo da lissafi. Shi ma Liverpool ta zuba masa 5-0 a gida, aka ba Sherwood wanda ba ruwansa da allo. Haka aka yi ta lilo, dama, hagu, dama, hagu.

Sau ɗaya lilon ya tsaya, a 2014, lokacin da aka ɗauko Pochettino daga Southampton. Kuma a nan ne nake ganin babban zunubin Levy yake, ba a korarsa ba, a abin da ya faru kafin korar.

Mutumin nan ya tarar da yara ya mayar da su maza. Kane, Dele Alli da aka sayo daga ƙaramar gasa, Dier, Son, ga Eriksen da Dembélé a tsakiya, ga Walker da Rose a gefe. A kakar 2016/17 muka tara maki 86, muka ƙare na biyu, ba wanda ya doke mu a White Hart Lane a kakarsa ta ƙarshe, kuma karon farko cikin fiye da shekara 20 muka ƙare a saman Arsenal. Wannan ita ce gaɓar da mai son kofi ke ƙara itace a wuta. Me aka yi? Aka sayar da Walker ga Manchester City, aka kwashe mu zuwa Wembley haya, sannan a bazarar 2018 kasuwa ta buɗe ta rufe ba mu sayi ko mutum ɗaya ba. Janairun 2019 ma haka, sai ma Dembélé da ya tafi China. Kuɗi duk sun tafi ga siminti da ƙarfe.

Da waɗannan gajiyayyun ƙafafu aka je Amsterdam ranar 8 ga Mayu, 2019, wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai. Ajax ta ci mu 1-0 a Landan, kafin hutun rabin lokaci ta ƙara biyu, Kane na jinya. Yayana ya riga ya turo mini hoton akwatin gawa. Na kashe sautin talabijin amma na kasa tashi. Lucas Moura ya ci ɗaya, ya ci ta biyu, sai a minti na 96 aka ɗaga wata doguwar ƙwallo, Llorente ya taɓa, Dele ya tura, Lucas ya shimfiɗa ta da hagu a kusurwa. Abin da ya zauna mini a rai ba ƙwallon ba ce. Pochettino ne durƙushe a kan ciyawa yana kuka kamar yaro. Wannan kukan na wanda ya san ya matse lemo har ɓawo ne, ba sauran ruwa. Shi da kansa ya faɗa a lokacin cewa in ka gina gida mai kyau sai ka zuba masa kayan ɗaki masu kyau, kuma gyaran da ke gaba zai yi zafi. Muka je Madrid wasan ƙarshe, ba a cika minti ɗaya ba aka ba Liverpool fenareti a kan hannun Sissoko, aka tashi 2-0. An sayo Ndombele da Lo Celso a bazarar, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Bayern ta zo sabon filinmu ta zura mana 7, muka gangara na 14, ranar 19 ga Nuwamba aka kore shi. Washegari da safe Mourinho ya iso.

A nan bakin abokan hamayya ya shigo cikin lissafi, kuma a nan nake so 'yan'uwana 'yan Tottenham su saurare ni. Me ake yi mana gori da shi duk tsawon zamanin Pochettino? "Ina kofi?" Ka ce mun ƙare na biyu, a ce ina kofi. Ka ce mun je wasan ƙarshe na Turai, a ce ina kofi. A 2016 da Leicester ta ɗauki gasa, Newcastle da ta riga ta faɗi ta casa mu 5-1 a ranar ƙarshe Arsenal ta tsallake mu, aka ce mu ne muka zo na uku a tseren doki biyu. Gorin ya shiga jikinmu har muka fara maimaita shi da bakinmu. A ganina ya shiga jikin Levy ma. Ɗauko Mourinho ba tsari ba ne, amsa ce ga masu gori. Ga mai kofuna na kawo, sai ku yi shiru. Ni kaina a ranar na rubuta wa yayana cewa wasa ya ƙare. Ina da hoton saƙon, shi ma yana da shi, kuma yakan turo mini duk lokacin da ya ga na fara ɗaga murya.

Sai ga abin da har gobe ba wanda ya iya fassara mini. Ka kawo mutum don wasan ƙarshe kaɗai, ka jure wa ƙwallonsa marar daɗin kallo wata 17, ya kai ka wasan ƙarshe na League Cup, saura kwana shida ka kore shi. Aka miƙa wa Ryan Mason ƙungiya, yaro ɗan shekara 29, ya je ya fuskanci Guardiola a Wembley. Laporte ya sa kai, 1-0. Ban ce da Mourinho zai ci ba. Na ce in ma za ka kore shi, Litinin ta gaba tana nan ba ta gudu ba.

Bayan nan Levy ya rubuta wa magoya baya cewa an kauce daga asalin ƙungiya, za a nemo mai ƙwallon kai hari da nishaɗi. Aka yi kwana 72 ana nema. Aka yi magana da Conte ta watse, aka yi da Fonseca ta watse, sunan Gattuso ya fito magoya baya suka yi ca a intanet aka janye. Ƙarshe aka kawo Nuno, wanda duk mai kallon Wolves ya san tsaron gida ne sana'arsa. Wasa 17 ya yi. Bawan Allah bai yi ƙarya ba, abin da ya iya shi ya yi, wanda ya ɗauke shi aiki ne ya faɗi wata magana ya aikata wata.

Conte fa? A nan zan sassauta wa Levy kaɗan, don gaskiya ɗaya ce. An ba shi Kulusevski da Bentancur, ya lallasa Arsenal 3-0 a Mayun 2022 ya ƙwace musu gurbi na huɗu, masu ƙungiya suka zuba fam miliyan 150, aka sayo Richarlison da Bissouma, aka kawo Perisic. Ba a ce ba a yi masa komai ba. Amma wanda ya ɗauko Conte ya san wa ya ɗauko: mutum ne da ke son gogaggu yau-yau, ba yaran da za a sayar da riba bayan shekara huɗu ba. Da aka kawo masa Djed Spence ya fito fili ya ce zaɓin ƙungiya ne ba nasa ba. Aure ne da kowa ya san ba zai yi ƙarko ba tun ranar ɗaurinsa. A Maris 2023 bayan Southampton ta farke 3-1 ta koma 3-3, ya zauna gaban 'yan jarida ya wanke 'yan wasa da masu ƙungiya tas, ya ce shekara 20 ana tare da mai gida ɗaya ba a ci komai ba. Aka raba gari, sai kuma aka bar mataimakinsa Stellini ya ci gaba, kamar ka kori direba ka ba yaron motarsa tuƙi a kan hanyar da ta kai ku rami. Newcastle ta zura biyar cikin minti 21.

Postecoglou shi ne ya fi raba kanmu, har yanzu. Ya zo daga Celtic a bazarar da Kane ya tafi, ya tara maki 26 a wasa goman farko, ya tsayar da 'yan baya a tsakiyar fili da mutum tara gaban Chelsea aka ci mu 4-1 'yan kallo na tafi. A Satumban 2024, bayan Arsenal ta doke mu, ya ce shi kullum yana cin kofi a shekararsa ta biyu. Duniya ta yi masa dariya. Ranar 21 ga Mayu, 2025 a Bilbao, Brennan Johnson ya tura wata ƙwallo marar kyan gani a ragar United, Van de Ven ya tashi sama ya ciro wata daga kan layi da ƙafa, Son ya ɗaga kofi bayan shekara 17 ana jira. Kwana 16 bayan nan aka kore shi.

Na san lissafin masu kare wannan hukunci: an doke mu sau 22 a Firimiya, maki 38, matsayi na 17. Lissafi ne mai nauyi, ba na raina shi, kuma sanarwar ƙungiya ta ce ba za a yanke hukunci da zumuɗin kofi ba. To amma ku duba. Pochettino ya ba mu teburi ba kofi, aka maye gurbinsa da mai kofi. Postecoglou ya ba mu kofi ba teburi, aka maye gurbinsa da Thomas Frank na Brentford, mai tsari da natsuwa. Wane ma'auni ake aunawa da shi? In koci ya shigo ofis ranar farko ya tambaya me ake so da ni, wace amsa za a ba shi wadda ba za ta canza ba kafin kaka biyu? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: kowane karo koci ke fita da kwalinsa, wanda ya zaɓo shi na zaune a kujerarsa yana gyara tabarau.

'Yan Arsenal kuma, ku dakata da tafi. Gaskiya ne Arteta ya ƙare na takwas sau biyu, sannan na biyar, iyalan Kroenke suka yi haƙuri da shi, suka sayo masa Declan Rice fam miliyan 105. Wannan abin koyi ne, na yarda, sun zaɓi hanya ɗaya sun tsaya a kai. Amma haƙurin na masu ƙungiya ne, ba naku ba. Ku ne kuka yi ta rubuta a kori Arteta a farkon kakar 2021 da Brentford da Chelsea da City suka doke ku a jere. Ku ne kuka ɗauki hayar jirgin sama ya ja ƙyalle a kan fili a kori Wenger, mutumin da ya ba ku kaka guda ba a doke ku ba. Na biyu sau uku a jere, 2023, 2024, 2025, kuma daga kofin FA na 2020 har zuwa 2025 ba wani babban kofi. Da mu ne da tuni kun sa mana waƙa. Laifi tudu ne.

Namu tudun kuwa ga shi, kuma ina kansa tsaye. Ranar 14 ga Mayu, 2024, City ta zo gidanmu. In mun ci, muna da sauran damar shiga Gasar Zakarun Turai, amma kofin Firimiya zai karkata zuwa Arsenal. Ana 1-0, saura 'yan mintuna, Son ya tsere shi kaɗai da gola Ortega. Na miƙe tsaye, kuma wallahi ban san abin da nake roƙo ba. Ortega ya tare da ƙafa, sai na ji ajiyar zuciya ta fito mini. Ajiyar zuciya, a kan kyaftin ɗina ya ɓarar da ƙwallo. Haaland ya ƙara ta biyu, Aston Villa ta tafi da gurbin, wasu a cikin fili na murna. Postecoglou ya fito ransa a ɓace ya ce harsashin ginin ba shi da ƙwari, ciki da waje. A daren na ji haushinsa, na ce baƙo ne bai san abin da ke tsakaninmu da su tun 1913 da suka ƙauro arewacin Landan ba. Yanzu ina ganin mutumin ya gan mu sarai. Muna zargin Levy da rashin sanin abin da yake so, alhali mu ma in aka ce mu zaɓa tsakanin ci gabanmu da faɗuwar maƙwabci sai mun tsaya tunani. Mu muka yi ihun a kawo mai kofi, mu muka yi ihun ƙwallonsa ba daɗi, mu muka yi wa Nuno ihu da ya cire Lucas Moura a wasan United, kwana biyu aka kore shi. Shugaban da ke sauraron kowane ihu da magoya bayan da ihunsu ke bin bakin maƙwabta, ai dole a yi ta lilo.

Shi ya sa ban shiga sahun masu murna ba, ban kuma shiga na masu makoki ba. Levy ya tafi amma ENIC na nan, iyalan Joe Lewis na nan, su ne masu kuɗin tun farko. Wanda aka ba tafiyar da harkokin yau da kullum a 2025, Vinai Venkatesham, daga Arsenal ya zo, abin da yayana ba ya gajiya da tuna mini. Frank zaɓin Levy ne na ƙarshe, kuma tun kafin ya zauna da kyau Eze da muka yi ta zawarci ya sauya hanya ya sa jar riga. Abin da zan zuba ido in gani ba wanda za su kawo ba ne. Ranar da kocinmu ya yi wasa shida ba nasara, fili ya ɗauki ihu, 'yan Arsenal suka cika intanet da hotunan dariya, a ranar zan san ko an canza hali ko suna kawai aka canza a ƙofar ofis.

Jiya da daddare na ce bari in rama jajen da Yaya ya yi mini, na tura masa hoton Son ɗauke da kofi a Bilbao, na ce: "Yaya, naka na Turai na ƙarshe fa, a wace shekara ne?" Bai ɓata lokaci ba ya turo lamba huɗu: 1961, shekarar da muka ci gasar Ingila ta ƙarshe. Na yi maza na rubuta 2004, shekarar da suka ɗauki kofin Firimiya ba a doke su ba, har yatsana ya kai kan maɓallin turawa, sai na tuna a White Hart Lane suka ɗauke shi. Na goge.